Awo Kafin Saye: Lacca a Kan Gyaran Saman Injin Honda CG125

 

An nemi in yi magana a kan gyaran saman injin tsohon babur, wato silinda da fistin da ringi da bawul, da kan da ke rufe su. Na ɗauki Honda CG125, domin ko wanda bai taɓa hawa na asali ba ya hau jikansa. Da yawa daga baburan China da suka cika titunanmu a kan tsarin injinsa aka ƙera su.

A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan, su ga yadda ake mu'amala da babur. Sai suka tarar ana ɗora masa mutum uku har huɗu, ga kaya, ba kuma a juye baƙin mai sai ya zama kwata. Injinan Honda na wancan lokaci, sandar da ke buɗe bawul a can sama take, cikin kan inji, kuma dattin mai yana cinye ta da wuri. Sai suka sauko da ita ƙasa inda mai yake, suka sa siraran sanduna biyu suna tura bawul daga can. Babur ɗin ya fito a 1975, a 1976 kuma aka fara ƙera shi a Manaus ta Brazil. Ribar makanike a nan ita ce babu sarƙar da za ta ruɗa maka lokacin inji idan ka ɗaga kai.

To, wannan sauƙin shi ne ya sangarta mu. Babur ya fara hayaƙi, mai shi ya kawo, kafin ya gama bayani an aiki yaro kasuwa ya sayo ringi. Bayan wata biyu hayaƙi ya dawo, sai a ce kayan yanzu ba su da kyau. Wani lokaci haka ne, araha ba ta ado. Amma sau da yawa ba a auna komai ba, kuma a nan nake so mu tsaya.

Tun kafin a taɓa sifana, inji yana faɗin ciwonsa. Shuɗin hayaƙi da ke fita da safe idan an tayar, sannan ya ragu, yawanci mai ne ke zurarowa ta wuyan bawul. Wanda ke ƙaruwa duk lokacin da aka murɗa totur, ringi ne ko silinda. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, a je a duba kafireta, a bar inji ya huta. Mai ma'aunin matsin iska ya cire fulogi ya gwada, sannan ya zuba cokali ɗaya na mai ta ramin ya sake gwadawa. In matsin ya hau, ringi ne ke yoyo. In bai motsa ba, a nemi bawul ko gasket.

Kwancewa ba ta da wani sirri. A bari inji ya huce, a sassauta notocin kai kaɗan-kaɗan a gicciye, kuma kafin a ciro ƴan zobban da ke riƙe da fil ɗin fistin a cusa tsumma mai tsabta a bakin inji. Duk wanda zoben nan ya taɓa faɗa masa ciki ya san dalili.

Yanzu ga silinda a hannu. Faɗin ramin CG125 sabo milimita 56.5 ne, fistin kuma yana tafiyar milimita 49.5, abin da ya ba da cc 124. Ramin nan ba ya cinyewa bai ɗaya. Ya fi ci daga sama, inda zafi ya fi yawa, mai ya fi ƙaranci, ringi kuma ke tsayawa ya juyo. Sa farcenka a bakin ramin, za ka ji ɗan tudu. Ya kuma fi ci gaba da baya a kan gefe da gefe, domin ta nan fistin ke jingina. Saboda haka a auna sama da tsakiya da ƙasa, kowanne ta fuska biyu. Sabon ringi zagayayye ne. In ramin ya daina zama zagayayye, ko daga Japan aka kawo ringin ba zai rufe ba. Sai dai a kai borin, wato a faɗaɗa ramin, a sa fistin mai girma na gaba. Ana yin su da ƙarin milimita 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00. A fara sayen fistin, a kai wa mai borin tare da silinda, ya yanka daidai da shi. Kuma don Allah kada a tsallaka zuwa 1.00 wai don ƙarfi ya ƙaru. Ƙarfin da za a samu bai taka kara ya karya ba, an kuwa cinye wa silinda sauran rayuwarta a zama ɗaya.

Ko ringin sabo sai an gwada shi. A sa shi cikin rami shi kaɗai, a tura da kan fistin ya daidaita, a auna tazarar bakinsa da siririn ma'auni, a duba abin da littafin kamfani ya ce. In ta yi kaɗan, zafi zai kumbura shi ya kama. Wajen ɗaurawa, rubutun jikin ringi yana kallon sama, bakunan kada su yi layi ɗaya, alamar IN da ke kan fistin kuma tana fuskantar kafireta.

Bawul sai haƙuri. A kankare gawayi, a shafa ɗan man niƙa a leɓensa, a murza shi a mazauninsa har zobe mai launin toka ya fito ba yankewa. A wanke tas, domin ragowar man niƙa yashi ne. A mayar da sifirin, a zuba kananzir ta ƙofar bawul, a zuba ido. In ya tsattsafo, aiki bai ƙare ba. Gasket sabo, ba tsohon da aka shafe da gam ba. Tazarar bawul kuma milimita 0.08 ce, inji na sanyi, alamar T tana kan saiti a bugun matsi. Kaurin gashi guda ke nan. Na sha ganin ana saita ta da kunne, kuma ban musa cewa akwai dattijan da kunnensu ya kai ba, amma yaron da ke koyo ba shi da shekara talatin ɗin da suka yi.

Bayan an haɗa, mai babur yana da nasa rabon. Kada ya yi lodi ko ya ƙure gudu a kwanakin farko, ya juye mai da wuri. Ya kuma riƙa wanke soson iska, musamman da hunturu, domin ƙurar da ta wuce shi kan ringi take sauka.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar makanikai shi ne, kowane gareji da ke karɓar yara ya mallaki ma'aunin tazara da ma'aunin faɗin rami da sifanar awon ɗauri. In kuɗin ya yi wa mutum ɗaya yawa, gareji uku su haɗa su saya.