Shekarun da Suka Dace a Kai Yaro Kallon Tamaula

Tun da aka buɗe Kwaleji a Samaru cikin 1952, wadda ta zama mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, tamaular ɗalibai ke jawo jama'a, har daga Sabon Gari. Iyaye kuwa na tambaya, shin ɗan shekara nawa ya isa a tafi da shi kallo?

Amsa ita ce shekara 7, watau lokacin da akan umurci yaro da salla, gama a nan wayo ke soma zuwa masa. Dalili uku ne. Na fari, wasa minti 90 ne, ban da hutun tsakiya, ƙaramin yaro ba ya jure rana haka. Na biyu, in an tashi akan yi turmutsitsi a bakin ƙofa. Wanda bai iya faɗin sunan ubansa da unguwarsu ba, in ya ɓace, samunsa sai an sha wuya. Na uku, akan tashi dab da magariba, ga hanyar Sakkwato cike da motoci.

Ko ɗan shekara 7 ɗin ma, kada ya tafi sai da babba riƙe da hannunsa, su zauna nesa da 'yan hayaniya, kana su riga jama'a fita.

Ana roƙon hakimai su sanar da dagatai da masu unguwa, malamansu kuma su karanta wannan a bainar jama'a. Rigakafi ya fi magani. Haza wasalam.