Ambaliyar Cigiya a Sadarwar da Ba Ta da Ƙarfen Sabis

 

Babu ɗaya daga cikinmu da zai mance watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, domin toshe hanyar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, har ya zama mai son gaida ɗansa sai ya yi tattaki zuwa inda sabis yake. Tun daga lokacin nan matasanmu ke tambaya ko wayoyi za su iya magana da junansu kai tsaye. Amsa ita ce za su iya, domin akwai tsarin da kowace waya ke zama 'yar aike ga maƙwabciyarta, saƙo ya riƙa tsallakawa ta Bluetooth, kimanin mita 100 kowane zango, kamar yadda masu zanga-zangar Hong Kong suka yi da manhajar Bridgefy a 2019.

To, amma a nan mas'alar take. Wayar da ke neman wata ba ta san hanya ba, sai ta yi cigiya, duk wadda ta ji kuma wajibi ne ta maimaita wa na kusa da ita, har cigiyar ta game gari. Ƙa'idar neman hanya ta AODV, wadda Charles Perkins da abokan aikinsa suka fitar a 2003, ta yanke haddi cewa kada waya ta wuce cigiya 10 a daƙiƙa guda. Sai dai mai nufin fasadi ba ya bin haddi, yakan yi ta cigiyar wayoyin da babu su, dubu bisa dubu, har iska ta cushe, batir ya ƙare, saƙon mai neman agaji ya rasa ta inda zai bi. A garin da ake biyan kuɗi wajen mai cajin waya, wannan ɓarna ce ta zahiri.

Magani mafi sauƙi shi ne kowace waya ta riƙa ƙirga cigiyar maƙwabciyarta, in ta zarce ta juya mata baya. Alhali kuwa mutumin ƙauye da ya hangi babura sun nufo gari ba zai aika da gargaɗi ba sai ya tabbata infoma ba zai gane shi ba, don haka aka ƙirƙiro tsare-tsare irin ANODR, na Jami'ar Kalifoniya, masu sauya wa waya laƙabi a kai a kai. Suturar da ta rufa wa mai gaskiya asiri ita ce ta rufa wa azzalumi, tunda wanda ba shi da suna tsayayye ba a iya ƙirga laifinsa.

Wasu masana sun ce a ɗora wa kowace cigiya ɗan lissafi mai wahala kafin ta fita. Ni ban gamsu ba, domin hukuncin zai fi faɗawa kan talaka mai tsohuwar waya, ya bar maɓarnaci mai kwamfuta. Abin da na fi karkata gare shi shi ne dabarar da wasu masana 'yan Japan suka bayyana a 2004: a ba kowace waya adadin izini ƙayyadadde, wanda maƙwabta za su iya tabbatar da ingancinsa ba tare da sanin mai shi ba, amma wanda ya zarce rabonsa lissafin da kansa ya tona shi. Sauran aiki shi ne wa zai riƙe amanar rajistar masu karɓar izinin, jami'a ko hakimi ko hukumar sadarwa ta NCC, kuma wannan shawara ce da ɗalibanmu na kwamfuta ba za su yanke su kaɗai ba.