Moton Famfo da Zafin Bazara: Abin da Ke Faruwa In An Sauya DC da AC



Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babban moton DC na masana'anta ya ga wani ɗan ƙaramin moto goye a bayansa, da fankarsa da matatar iska. Aikinsa hura wa babban iska, ko yana gudu ko yana rarrafe. Ranar da aka gaji da sauya kabon buroshi aka kawo moton AC, ɗan goyon nan yakan bi tsohon zuwa wurin 'yan gwangwan. Sabon kuwa fankarsa a jikin shaf ɗinsa take. In an rage masa gudu da inbata, iskar ma ta ragu ke nan.

Ko zai ƙone? Ya danganta da irin famfon. Mai farfela, irin na jan ruwa daga Gulbin Zamfara a fadamun Gummi, in gudunsa ya koma rabi, ƙarfin da yake ci kan sauka zuwa kashi 1 cikin 8, zafin ma ya bi shi. Mai fistin ko mai murɗaɗɗen ƙarfe kuwa, nauyin juyinsa yana nan, wutar da kwayil ke sha tana nan, iska ce kawai ta tafi. Shi wannan sai an ɗaura masa fanka mai layinta daban, ko a sayo moton da ya fi aikin girma.

Ku duba farantin jikin moto, galibi digiri 40 aka ƙayyade masa. Watan Afrilu a Anka ko Bukkuyum, inuwa ma kan wuce haka, balle ɗakin kwano marar taga. Ƙa'idar masu naɗin kwayil ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanan fanis biyu. Na taɓa buɗe wani moto da bai shekara ba, warin ƙuna ya tarye ni tun daga ƙofa, marfin fankar ya toshe da ƙaiƙayi. Inbatar ma an kulle ta cikin akwatin ƙarfe saboda ɓarayi, alhali ita kanta tana mayar da kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na wutar zafi.

Ƙura na neman a share ta, amma a nan da hattara. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma. Inda ake niƙa dutsen zinare, ƙurar na iya ɗauke da dalma, don haka kada a busa moto da kwamfireso, a kashe wuta a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Shi kuwa sumo na burtsatse, ruwan da ke gogar jikinsa ne fankarsa. In ramin ya yi masa faɗi, ko ruwan na shigowa ta samansa, a sa masa rigar bututu, ta yadda ruwan zai biyo ta gindin moto kafin ya shiga famfo.