Littattafanmu Na Cikin Kwali, Yaranmu Na Jira

Jawabi a taron iyayen yara na makarantar ƙungiya, Sabo, Ibadan



Ni dai ɗan kasuwa ne, goro nake sayarwa, karatuna kuwa na Islamiyya ne. To amma abin da idona ya gane mini shi ya sa na roƙi a ba ni wannan dama. Kwanan baya na shiga ofishin hedimasta, sai na tarar da littattafan da muka yi karo-karo muka saya suna nan cikin kwali yadda aka kawo su. Har gara ta fara cin na ƙasa. Na tambayi dalili, aka ce ana tsoron kada yara su yayyaga. Jama'a, wanenmu zai cika shago da kaya ya kulle don gudun kada masu saye su taɓa?

Abin da muke bukata shi ne ɗakin karatu, watau laburare, da mutum guda mai kula da shi. Aikinsa ya wuce riƙon makulli. Shi zai jera littattafai fanni-fanni, ya rubuta wanda ya ara da ranar mayarwa, sannan ya zauna da malamai ya ji darasin da za su yi, don ya tanadi abin da yara za su bincika.

Ga misali. Malam ya tambayi 'yan aji shida: yaya aka yi Hausawa suka zauna a nan? Maimakon ya rubuta amsa a allo su kwafa, sai ya tura su laburare. Mai kula da ɗakin ya shimfiɗa masu taswira, su bi layin dogo da yatsa. Ya nuna masu littafin tarihi, su gano da kansu cewa jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, aka kafa Sabo a 1916. Sannan su je wurin dattawa su tambayi labarin fataucin goro da shanu, su rubuto. Wallahi yaron da ya wahala ya nemo wannan ba zai manta ba. Haka malamanmu suke yi mana: in ka yi tambaya, a ce ɗauko Risala ka duba babin.

Akwai kuma maganar harshe. Yaranmu da yawa Yarbanci da Turanci sun fi Hausa zama a bakinsu. A ajiye masu Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam su riƙa ara.

Roƙona uku ne. A ware ɗaki ɗaya. A ɗauki mai kula da shi, albashinsa ya fito daga asusun ƙungiya. A sa wa kowane aji lokacin shiga duk mako. Katakon kantoci da ladan kafinta ni na ɗauka.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka.