Toshe Kunne Ba Ya Da Addini

Jama'ar Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi,

A watan Agustan 2016, a Talata Mafara, aka zargi wani ɗalibi da ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), aka lakaɗa masa duka. Wani bawan Allah ya kai shi asibiti, sai gungun matasa suka banka wa gidan wannan bawan Allah wuta, mutum 8 suka rasu. Jiharmu ce fa, wadda ta ƙaddamar da Shari'a tun 1999, ga alƙalai, ga kotuna. Wa ya tsaya ya nemi shaida?

Ɗaya ɓangaren ma, na marasa addini, bai tsira ba. Mubarak Bala, wanda ya ce bai yarda da samuwar Allah ba, kotun Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022 kan rubuce-rubucensa na Facebook, daga baya aka rage. Wasu masu irin ra'ayinsa kuwa, duk mai sallah jahili ne a wurinsu. Wannan raini ne, yana da ciwo, amma bai kai zubar da jini ba.

Mu nan ma, ɗan Izala da ɗan Ɗariƙa kan ƙi bin juna sallah, alhali duk ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, tare suke ɗaukar gawa zuwa maƙabarta.