Jawabi Ga 'Ya'yanmu Masu Fita Aikin Koyon Sana'a

Dalilin taruwarmu yau shi ne 'ya'yanmu da za su fita aikin koyon sana'a, wanda ɗalibai ke kira IT ko SIWES. Muna so mu yi magana a fili, gama mun ga yadda waɗansu suka ci ribar wannan lokaci, waɗansu kuwa suka yi wasa da shi.

Bari mu fara da asalin abin. A 1971 gwamnati ta kafa hukumar ITF, wadda hedkwatarta ke Jos. A 1973 hukumar ta fito da shirin SIWES, domin masu ɗaukar ma'aikata suna kukan cewa ɗalibai na fitowa da takarda amma hannunsu bai san aiki ba. Saboda haka ɗalibin difloma, kamar na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke nan Haɗejiya, yakan yi wata 4 a wurin aiki bayan shekararsa ta farko, na jami'a kuwa yawanci wata 6. Akan ba kowa littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, shugabansa na wurin aiki ya sa hannu.

To, a kan littafin nan ne damuwarmu take. Mun san wani yaronmu da ya kai takardarsa wani ofis, bai sake komawa ba sai makon ƙarshe. Ya zauna a ɗaki ya kwafe littafin abokinsa, ya sami wanda ya buga masa hatimi, ya kuwa ci maki. Bayan ya gama karatu muka roƙa masa aiki a gonar wani mai noman rani. Ran farko aka ce ya tayar da injin ban-ruwa, ya tsaya yana kallonsa, bai san sai an cika shi da ruwa kafin ya ja ba. Mai gona bai yi faɗa ba, ya dai ce a kawo masa wani. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kunyar ba a kan yaron kaɗai ta tsaya ba, gama tun daga ranar nauyin sake roƙa wa wani muke ji. Mu 'yan kaɗan ne a garin nan, kowa ya san ɗan gidan wane, halin mutum ɗaya kuwa yakan buɗe wa ƙannensa ƙofa ko ya rufe ta.

Na farko, ku zaɓi inda za a sa ku aiki, ko da ba shi da fanka da kujera mai laushi. Ba sai kun tafi Kano ko Abuja ba. Ga aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wanda aka ƙaddamar a 2023 bayan an gyara shi. Ga masu casar shinkafa, da masu gyaran injuna, da asibiti, da sashen gona na ƙaramar hukuma. Wanda ya yi wata 4 yana bin magudanar ruwa, yana ganin yadda ake buɗe ƙofofi ana raba wa gonaki ruwa, ya fi wanda ya yi su yana sayo wa oga katin waya.

Na biyu, ku yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Ku tambayi injiniya, ku kuma tambayi tsohon manomi da masunci. Tsofaffin nan sun ga kogin kafin a gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Za su gaya muku yadda dā ruwa ke malala da damina ya janye da rani, da yadda sakin ruwa duk shekara ya ba kachala damar toshe hanyoyin ruwa daga nan har Nguru. Za su nuna muku inda ambaliyar 2020 da ta 2022 ta bi. Wannan ilimi ba a allo yake ba, da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku, ku rubuta gaskiya, a ranar da abin ya faru. In an ɗauke wuta ba a yi aiki ba, ku rubuta haka. Ku sa sunan injin, da awon da kuka yi, da kuskuren da aka gyara muku. Ranar da za ku tsaya gaban malamai ku kāre rahotonku, wanda ya yi aiki da hannunsa ba ya in-ina.

Na huɗu, ku kula da zaman tare. Yawancin abokan aikinku Musulmi ne. Ku riga su gaisuwa, ku sa tufafin mutunci, ku san lokacin sallarsu, kada ku ci abinci a gaban mai azumi. In wurin aiki na buɗewa ran Lahadi, ku faɗa wa shugabanku tun ranar farko cikin ladabi, ku nemi ranar da za ku rama. 'Yan matanmu, in wani ya ce sai kun ba shi abin da bai dace ba kafin ya sa hannu, kada ku yi shiru. Ku gaya wa malamin da makaranta ta turo duba ku, ku gaya mana.

Iyaye, ga namu rabon. Alawus ɗin ɗalibai kaɗan ne, yakan kuma makara, don haka mu tanadi kuɗin mota da na abinci. Kada mu ce tun da ba aji, yaro ya zauna ya tsare mana shago. Da yamma mu karɓi littafin mu duba, mu ce ya faɗa mana abin da ya koya yau.

A ƙarshe, 'ya'yanmu, ranar da za ku gama ku bi kowa ku yi sallama, har mai gadi, ku nemi takardar shaida daga shugabanku. In kun dawo za mu sake taruwa a nan, kowa ya tashi ya faɗi abu guda da hannunsa ya iya wanda dā bai iya ba. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.