Ƙasa, Bakteriya da Taki: Yadda Alkama ke Samun Abincinta

Alkama ba ta cin taki kai tsaye, sai abin da ya narke a cikin danshin ƙasa saiwarta ke zuƙa. Don haka ƙoshinta ya rataya kan abu uku: lafiyar ƙasa, ƙananan halittun da ke zaune a jikin saiwa, da takin da manomi ya zuba.

Gyaran ƙasa shi ne matakin farko. Alkama ta fi son ƙasar da ma'aunin pH ɗinta ke tsakanin 6 da 7. Idan tsami ya yi yawa, sinadarin fosforas yakan maƙale, saiwa ta kasa ɗaukarsa, sai an barbaɗa farar ƙasa. A filayen noman rani kuwa, inda ake ban-ruwa shekara da shekaru ba tare da magudana mai kyau ba, gishiri da kanwa ke tasowa, ƙasa ta yi fari-fari a sama, ta daskare, ruwa ya ƙi shiga. Maganin kanwa shi ne jibsam, sannan a wanke ƙasar da wadataccen ruwa.

Takin gargajiya ma gyara ne. A tashar bincike ta Rothamsted da ke Ingila akwai gonar da ake noma alkama a cikinta tun 1843. Fegin da ba a taɓa sa wa taki ba yana ba da kimanin tan 1 a hekta. Wanda ake zuba wa kashin dabbobi kuwa yana gogayya da na takin zamani wajen amfani, ga shi ƙasarsa ta fi laushi da riƙe ruwa.

Na biyu, bakteriya masu amfani. Alkama ba kamar wake ko gyaɗa ba ce, ba ta da ƙulle-ƙullen saiwa masu kama naitirojin daga iska. Amma wasu ƙwayoyi suna taimaka mata daga waje. Azotobacter, wadda masanin kimiyya Beijerinck ya gano a 1901, tana kama naitirojin kaɗan. Azospirillum, wadda Johanna Döbereiner ta yi fice da bincike a kanta a Birazil, tana fitar da sinadaran da ke sa saiwa ta yi gashi ta bazu. Wasu nau'o'in Bacillus da Pseudomonas suna narkar da fosforas ɗin da ya maƙale. Ana cakuɗa su da iri a inuwa a shuka nan take, domin zafin rana na kashe su. Mataimaka ne, ba sa maye gurbin taki, kuma ba sa ɗorewa a ƙasar da ba ta da ruɓaɓɓen ganye da taki.

Na uku, takin zamani, wanda lokacin zuba shi ya kai yawansa muhimmanci. Ana sa NPK lokacin shuka, a biyo da yuriya, mai naitirojin kashi 46 cikin 100, sa'ad da alkama ta fara 'ya'ya a gindi. Yuriyar da aka bari a sarari ba a bi ta da ruwa ba, wani kasonta iska ke ɗauke shi. Naitirojin da aka ƙara dab da fitar kai yana tafiya cikin ƙwaya ya ƙara furotin, wanda ke sa kwaɓin burodi da gurasa ya yi danƙo ya tashi. In naitirojin ya yi yawa kuma, kara ya yi rauni, alkama ta kwanta.

Akwai kuma sinadaran da ake bukata kaɗan. A tsakiyar Anatoliya ta Turkiyya, a shekarun 1990, an gano ƙarancin zinki ne ke durƙusar da alkama. Da aka haɗa shi cikin taki, amfani ya ƙaru, feshinsa a ganye kuma yana ƙara zinkin da ke cikin ƙwaya, wanda jikin ɗan Adam ke bukata. Gwajin ƙasa kafin shuka shi ke nuna wa manomi wanne daga cikin waɗannan gonarsa ta rasa.